Yadda Ake Sarrafa Garwashi Wajen Turara Ɗaki, Tufafi da Jiki

Matasa da dama a Katsina suna cin karo a wayoyinsu da bidiyon matsafan zamani na Turai da Amurka, inda za a ga mace ta jera jajayen kyandirori a kan tebur, ta ajiye 'yar tukunyar ƙarfe a tsakiya, ta barbaɗa busassun ganyaye a kan gawayi, tana bayani a kan abin da suke kira ƙarfin wuta. Wasu abin yana ba su tsoro, wasu kuma yana burge su, har su ɗauka cewa akwai wani ɓoyayyen ilimin wuta da bai iso ƙasar Hausa ba. Amma wanda ya tashi a gidan da kaskon turare ba ya rabuwa da ƙofar ɗaki zai lura cewa sau da yawa ganyen babbakewa kawai yake yi, domin an zuba shi tun gawayin bai gama kamawa ba. Wannan jagora ya shafi abin da hannu da ido suke iya koya ne, wato yadda ake hura garwashi, a gane lokacin da ya yi daidai, a ba kowane turare irin zafin da yake so, sannan a kashe wutar ba tare da an jawo wa gida hasara ba. Kafin a kai can, ya kamata mai karatu ya san abin da mutane suke jingina wa wuta, domin ya bambance abin da yake aƙida ne da abin da yake gwaninta.

Addinin da ake kira Wicca, wanda shi ne tushen yawancin abin da ake gani a waɗancan bidiyoyi, bai kai tsufan da mabiyansa na farko suka yi iƙirari ba. Wani ɗan Ingila mai suna Gerald Gardner ne ya fito da shi fili a 1954, bayan Birtaniya ta soke tsohuwar dokarta ta hana tsafi a 1951. Mabiyansa suna raba halitta gida 4, wato ƙasa da iska da wuta da ruwa, rabon da ya samo asali daga masana falsafar Girka tun ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Wannan rabo ba baƙo ba ne a wurinmu, domin ya shigo wa masu hisabi ta hanyar littattafan Larabci, shi ya sa ake jin ana cewa tauraron wane na wuta ne, na wance kuma na ruwa. A wurin 'yan Wicca wuta tana tsaye ne a matsayin himma da jarunta da sha'awa da sauyi. Sukan zana da'ira su ajiye jan kyandir a kudancinta, sukan rubuta abin da suke son rabuwa da shi a takarda su ƙone a cikin tukunyar ƙarfe, sukan kuma zauna suna kallon harshen kyandir da nufin tattara hankali. Babban bikinsu na wuta shi ne Beltane, ranar 1 ga Mayu, wanda suka ɗauko daga al'adar makiyayan Ayilan da Sikotilan da suke kora shanunsu tsakanin wuta biyu kafin a fita kiwon bazara. Dalilin da ya sa suka ba wa wuta kusurwar kudu kuwa ba wani asiri ba ne. A Ingila rana ba ta taɓa tsayawa a tsakiyar kai, kullum ta kudu take bi, kuma saboda haka ne da yawa daga mabiyan da ke Ostireliya suka mayar da wutar arewa. A nan Katsina ma rana tana karkata arewa daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta, inuwar tsakar rana ta koma kudu, wanda ya nuna cewa tsarin nasu an yanka shi ne daidai da sararin samaniyar ƙasarsu.

A ƙasar Hausa maƙera ne aka sani da mallakar wuta. A wurin bukukuwansu, idan kiɗan dundufa ya yi zafi, akan ga maƙeri ya ɗauki jan ƙarfe da hannu ko ya goga shi a jiki, jama'a kuma su danganta abin ga asirin gado. Ko a tarihin Daura, maƙeran Gaya ne aka ce sun ƙera wa Bayajidda wuƙar da ya sare kan macijiyar rijiyar Kusugu da ita. Sai dai wanda ya zauna a maƙera ya sa ido zai ga cewa abin da uba yake ɗaukar shekaru yana koya wa ɗansa shi ne zaɓen gawayi, da daidaita zuga-zugi, da gane zafin ƙarfe daga launinsa. 'Yan bori da bokaye su ma ba sa rabuwa da hayaƙi, ko don kiran iska ko don korar ta. Matsayin Musulunci a kan wannan a bayyane yake: wuta halitta ce da ba ta ji ba ta gani, neman biyan buƙata a wurinta shirka ce, kuma ya tabbata a hadisi cewa wanda ya je wurin ɗan duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta kwana 40. Turare kuwa abin so ne a addini. An ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar yakan yi turaren wuta da zallar itacen al'ud, wani lokaci ya haɗa da kafur, yana cewa haka Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yake yi. Saboda haka abin da ke tafe aikin ƙamshi ne da tsafta.

Kasko da gawayi

Kaskon yumɓu mai kauri da gindi mai faɗi ya fi na ƙarfe mai ado, domin yumɓu yana riƙe zafi a hankali kuma ba ya ƙona hannu da wuri. Kaskon da aka shafa wa fenti ta ciki a guje shi, saboda fentin zai ƙone ya gauraya da ƙamshin. A zuba toka mai tsafta ko yashi har ya kai kusan kashi 2 cikin 3 na zurfinsa, sannan a ɗora shi a kan farantin ƙarfe ko tayil, musamman a ɗakin da ke da ledar ƙasa ko kafet, waɗanda zafin gindin kasko kaɗai yake iya narkar da su. A tanadi ƙaramin awartaki da mafici da cokalin da ba za a sake mayar da shi kicin ba.

Gawayin ƙirya, wanda maƙera suke nema, shi ne gaba, sai na marke. Ana gane gawayi mai kyau da nauyinsa a hannu, da ƙarar da yake yi idan aka gwara guda biyu, da sheƙin da ke fuskarsa idan aka karya shi. Wanda ya yi sakayau, yana marmashewa, zai ci ya mutu kafin turaren ya buɗe, wanda kuma bai gama ƙonewa a rami ba yana ɗauke da hayaƙin itacensa, kuma wannan hayaƙi ne zai danne ƙamshin. Al'adar hura gawayi da leda ko kananzir ita ce ta fi ɓata turare a gidajenmu, domin warin yana kama garwashin har ƙarshe, hayaƙin leda kuma guba ne. A hura a kurfoti a tsakar gida da ƙirare ko karan dawa, ko a ɗebo garwashi daga murhu idan da itace mai kyau aka yi girki kuma miya ko mai bai zuba a kai ba. Dunƙulallen gawayin kanti mai kamawa da ashana ɗaya yana da sinadarin da ke sa shi tartsatsi da wari a farko, don haka shi ma a waje ake kunna shi, a jira har tartsatsin ya zagaye shi ya ƙare.

Gane lokacin wuta

Garwashi yana bin matakai ne, kuma yawancin ɓarnar turare tana faruwa saboda rashin jiran mataki na ƙarshe. Da fari gawayin baƙi ne, gefe ɗaya kawai ya yi ja, yana fitar da hayaƙin kansa. Daga nan sai ya ruru ya yi ja wur, wani lokaci har da ɗan harshe mai shuɗi a kansa, kuma a nan ne masu gaggawa suke zuba turare, alhali zafin ya isa ya ƙone man ƙamshin nan take. Abin da ake jira shi ne lokacin da harshen ya mutu, farar toka mai laushi ta lulluɓe garwashin, ja ba ya bayyana sai an hura masa iska. A gidajen cikin birni har yanzu ana jin tsohuwa tana tsawata wa yarinya a kan wannan.

"Ke 'yar nan, ina kike gaggawar zuwa? Bari wutar ta kwanta tukuna."

"To Gwaggo, ai baƙin sun kusa isowa."

"Ko a zaure suke, da ƙauri za ki tarbe su?"

Idan wutar ta kwanta, a ɗauko garwashi 2 ko 3 masu girman goro da awartaki, a dasa su a cikin tokar kasko, a ja 'yar toka kaɗan a rufe samansu. Wannan siririyar toka ita ce take tsakanin turare da wuta, kuma da ita ake ƙara zafi ko a rage shi: idan ana son ƙari a share ta da bayan cokali, idan ana son ragi a ƙara ta. Ana iya gwadawa da tafin hannu a riƙe shi kamar taƙi ɗaya sama da kasko. In ba a iya ƙirga 5 ba sai an janye, wutar ta yi yawa. Wasu sukan shimfiɗa 'yar takardar alminiyam a kan garwashin a maimakon toka, kuma tana aiki, sai dai tana hana garwashin numfashi idan aka rufe shi ruf.

Turaruka ba zafi ɗaya suke so ba. Dangin ƙaro, irin su hano da ƙaron maje da jawul da lubban, narkewa suke yi, saboda haka a gefen garwashi ake ajiye ƙwaya ɗaya ko biyu, domin idan aka ɗora su a tsakiya sai su malale su shaƙe wutar, ƙamshin ya koma ɗaci. Zallar itace kamar sandal da al'ud yana son zafi matsakaici mai ɗorewa, a ga mansa yana tsattsafowa yana 'yar tafasa a bayan itacen ba tare da ya kama da wuta ba. Saiwoyi irin kajiji da jema suna da saurin cinyewa, gara a daka su sama-sama a zuba kaɗan-kaɗan. Haɗaɗɗen turare mai sukari kuwa shi ya fi kowanne buƙatar toka, saboda sukari yana ƙonewa da wuri. A kowane hali hayaƙin ne yake ba da labari: siriri mai fari-fari da ke tashi a miƙe alamar daidai ce, wanda ya turnuƙe ya yi duhu ko yake sa ido ƙaiƙayi alamar ƙuna ce. Abin da aka fi sakaci da shi, kuma a ganina shi ne ya raba gwanaye da sauran mutane, shi ne kwashe turaren da zarar ya gama bayar da ƙamshinsa, wanda ba ya wuce 'yan mintoci. Idan aka bar baƙin saura a kan wuta, ƙaurinsa ne zai zauna a labule, ya shafe duk abin da ya gabata.

Haɗa turaren da kanki

Matan Barno, Barebari da Shuwa, su ne aka sallama wa a wannan sana'a, kuma kayan haɗi irin su hawi da gabgab da farce, wato ɓawon wata halittar ruwa mai kama da farcen mutum, daga wajensu aka san su, ko da yake yanzu ana samun su a Babbar Kasuwar Katsina wurin masu kayan ƙamshi. Haɗi mai sauƙi ga mai koyo shi ne kofi 2 na farfasasshen itace, kofi 1 na sukari, da rabin kofi na ruwa. A wanke itacen a shanya a inuwa ya bushe sarai. Farce kuma sai an jiƙa shi an kankare, an soya shi har ƙarninsa ya fita, kafin a daka, in ba haka ba zai ɓata tukunyar gaba ɗaya. A narka sukarin a ruwa a kan wuta marar ƙarfi har ya yi kauri ya fara ja kamar zuma, a zuba itacen a yi ta juyawa har kowane tsinke ya samu, sannan a sauke tukunyar. Sai ta huce ta koma ɗumi ake zuba madarar turare da miski da dakakken farce, domin zafi yana korar ƙamshi, kuma turaren fesawa yana ɗauke da sinadarin da ke kamawa da wuta farat ɗaya, saboda haka ba a kusantar murhu da shi ko kaɗan. A zuba a kwalba mai murfi, ba roba ba, a ajiye a wuri mai duhu na mako 2 zuwa 4 ana girgizawa lokaci-lokaci. Turaren da aka ƙona ranar da aka haɗa shi warin sukari kawai yake yi.

Wajen turara ɗaki, shara da buɗe tagogi su ne farko, domin turare ba ya kashe wari, hawa kansa yake yi. Bayan iska ta ratsa, a rufe tagogin, a ajiye kasko a tsakiyar ɗaki nesa da labule da gado, a fita a ja ƙofa na minti 10, sannan a dawo a fitar da kaskon a buɗe taga ɗaya. Tufafi kuma a kan kabbasa, wato kwandon da ake kifawa a kan kasko, ake baza su, kuma sun fi kama ƙamshi idan da ɗan danshi a jikinsu, kamar lokacin da aka kwaso su daga igiya ba su gama bushewa ba. Shadda da atamfa suna jure wannan, amma mayafi da leshi masu roba suna narkewa tun wuta ba ta taɓa su ba, don haka a rage garwashi zuwa guda ɗaya kuma kada a matsa daga wurin. Mai turara jiki, ko amarya ce ko uwargida, ta yi amfani da garwashi ɗaya da aka rufe da toka sosai, ta lulluɓa da zane na auduga mai kauri, ta bar kanta a waje, kuma ta tashi da zarar ta ji jiri ko zafin ya fara cizo. Mai juna biyu da mai hawan jini da mai asma su haƙura da wannan. Ya kuma zo a hadisi cewa macen da ta yi turaren wuta kada ta halarci sallar isha'i a masallaci, wanda ya kamata a tuna da shi a lokacin tarawihi.

Akwai hayaƙin da ake yi da sunan magani, na tazargade ko habbatus sauda ko wasu sassaƙe, kuma a nan ne nake ganin an fi cutar da yara. Huhun jariri bai ƙosa ba, kuma yaron da ya shiɗe saboda zafin zazzaɓi iska mai tsafta yake buƙata da gaggawar zuwa asibiti. Lulluɓe shi da zane a kan kasko da zaton ana korar iska ko maye yana ƙara toshe masa numfashi ne, kuma lokacin da aka ɓata ana hayaƙi shi ne lokacin da ya kamata a ce an kama hanya. Ɗakin mai jego ma a turara shi sa'ad da jaririn yake waje, a bari hayaƙin ya washe kafin a mayar da shi.

Haɗari mafi girma yana zuwa ne da hunturu, lokacin da sanyin Disamba da Janairu yake sa mutane su shigar da kurfoti ɗaki su toshe kowace kafa. Garwashi yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kama jini fiye da iskar da muke shaƙa sau 200 da ɗoriya, ta yadda mai barci ba ya farkawa balle ya nemi taimako. Garwashin da ya kwanta babu hayaƙi, wanda shi ne muka ce ya fi dacewa da turare, yana fitar da ita kamar kowanne, saboda haka rashin ganin hayaƙi ba shaidar lafiya ba ce. Alamominta su ne ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, musamman idan suka kama mutanen ɗaki ɗaya a lokaci guda. Idan haka ta faru a buɗe ƙofa, a fitar da kowa waje, a tafi asibiti ko da an ji sauƙi. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wani gida ya ƙone da mutanensa a Madina da dare, sai Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce wuta abokiyar gaba ce, idan za a yi barci a kashe ta.

Kashe ta kuwa yana nufin a fitar da kasko tsakar gida, a tsamo garwashin da awartaki a tsoma a ruwa, domin wanda aka binne a toka yana iya kwana da ransa. Kada a kwara ruwa a cikin kaskon yumɓu mai zafi, zai tsage, kuma kada a zuba toka a kwandon shara sai an taɓa ta da hannu an ji ta yi sanyi. Idan aka samu ƙuna, a sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai sanyi da ke zuba na minti 20, a cire zobe ko awarwaro kafin wurin ya kumbura, sannan a rufe da tsumma mai tsafta. Ba a shafa man goge baki ko ƙwai ko manja ko toka, ba a kuma fasa bororon da ya tashi. Ƙunar da ta kai faɗin tafin hannun wanda ya ƙone, ko ta shafi fuska ko gaɓa ko al'aura, ko ta sami ƙaramin yaro, ta asibiti ce a ranar.